Goro a Tafin Hannu

"Farcen nan sai an yanke shi."

Ruwaida ta yi maza ta ɓoye hannunta cikin mayafi.

"Ei! Daga zuwana? Ko gaisawa ba mu gama ba!"

"Mun gaisa har sau biyu," in ji saurayin yana dariya. "Kin ce gita kike son koya, ita kuwa ba ta shiri da dogon farce. Na dama ki bar abinki, na hagu kawai nake roƙo."

Ta ƙura masa ido. Wannan ke nan Fadil, ɗan Alhaji Latif. Ɗan shagonsa na bakin titin Oforikrom a Kumasi cike yake da tsofaffin lasifikoki da yake gyarawa, da yamma kuma yana koya wa masu so kiɗan gita. Ta zo da shirin tarar da mai girman kai irin ubansa, sai ga wani siriri mai wushirya, rigarsa duk ƙonuwar dalma.

Ba komai, ta ce a ranta. Jinin dai ɗaya ne.

Ta karɓi abin yankan farce. Kowane farce ya faɗi ƙasa sai ta tuna hannun mahaifinta.

Tana goye abin ya faru, shekara ashirin da uku ke nan. A lokacin ba a biki a Moshi Zango ba a nemi Mutaru mai gita ba. Shi ya jawo abokinsa Latif ya koya masa tun daga yadda ake riƙe ta. Sai wani mai shirya wasa ya zo neman makaɗi ɗaya tak da zai tafi da shi Jamus, ya zaɓi Mutaru. Saura kwana huɗu tafiya, suna loda kayan kiɗa a mota, Latif ya turo ƙofa da ƙarfinsa a kan hannun hagun Mutaru. Yatsa na tsakiya da na zobe suka murƙushe, ba su sake miƙewa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma Latif ya bi Zango yana cewa Mutaru a buge yake ran nan, shi ya cusa hannunsa a ƙofa. Mutumin da ko warin giya ba ya so! Latif ya tafi Jamus ya dawo Alhaji. Mutaru ya koma sayar da goro, sana'ar ubansa. Mahaifiyar Ruwaida har ta koma ga Allah ana zunɗenta a gidan biki, wai matar mashayi. Ita kanta Ruwaida a makarantar allo ta fara jin sunanta na biyu: 'yar mai kwalba.

"To, ɗora ta a cinya," in ji Fadil. Ya miƙa mata gitar, sannan ya jawo aljihun tebur ya ɗauko farin goro guda.

"Ni ba na cin goro."

"Ba na ci ba ne, na darasi ne. Sa shi tsakanin tafinki da wuyan gitar. Kada ya faɗi, kada kuma ki matse shi. In ya faɗi, hannunki ya saki. In ya yi miki zafi, kin shaƙe gitar. Babban yatsa ya tsaya a baya."

Ta yi yadda ya ce.

"Kin ga layukan ƙarfen nan? Tsakanin kowane biyu ɗaki ne. Yatsa huɗu, ɗaki huɗu. Manuni shi ne Baba, na tsakiya Mma, na zobe Yaya, ƙaramin kuma Auta."

"Gida guda ke nan."

"Gida guda! Baba ya shiga ɗakinsa... Yaya ya shiga... sannan Mma... sannan Auta. Wanda ya shiga ba ya fita sai kowa ya shigo. In gida ya cika, ki sauka tsirkiya ta gaba."

"Don me Yaya zai riga Mma shiga?"

"Shi ne malalacin gidan. In ba a tashe shi da wuri ba, bayan Mma yake ɓuya."

Dariya ta kusa kuɓuce mata, ta haɗiye ta. Sau tara goron yana faɗuwa ran nan. Auta kuwa ya ƙi zama, sai ya miƙe tsaye kamar ɗalibi mai neman izini.

"A hankali," in ji Fadil. "Kada ki nemi sauri yanzu, in yatsun sun gane hanya zai zo. Minti goma da safe, minti goma da yamma. Wuyan hannu ya fara ciwo, ki tsaya."

"Ba ni da gita a gida."

"Kuna da muciya?"

"Wane gida ne babu muciya?"

"To ki yi a kanta."

Mutum ɗaya ce ta san abin da ya kai Ruwaida Oforikrom: Anti Safia, ƙanwar mahaifinta, mai tuyar ƙosai a bakin layinsu.

"Yaya kika gan shi?" ta tambaya tana juya ƙosai cikin mai.

"Zai faɗo, Anti. Ko sunana ba ya iya faɗa sai ya yi murmushi."

"Ya san 'yar waye ke?"

"Na ce masa ni tela ce a kasuwar Adum. Bai tambayi saura ba."

"Yawwa! Ki ja shi a hankali har ya turo manya. Uban ya tako gidanmu da ƙafarsa, da babbar rigarsa, da goronsa!"

Zaman Kumasi ya sa gidaje da dama a Zango sun ari wata al'ada ta maƙwabta, har da gidansu. Ranar da aka kawo goron neman aure, uba zai kira 'yarsa gaban jama'a ya tambaye ta sau uku ko a karɓa. Amsa ta uku ita ce magana, bayanta babu gyara.

"Sau uku zan ce a'a," in ji Ruwaida. "Gaban Liman, gaban kowa. Ya ɗauki goronsa ya bi layin nan da shi ana kallonsa. Ya ji yadda Mma ta ji!"

"Allah ya yi miki albarka! Yaya Mutaru ya cika sanyi. Shekara ashirin da uku kullum Allah na gani, Allah na gani. To mu ma muna gani!"

Talata da Asabar take zuwa. Ta rufe keken ɗinki, ta hau trotro, motar haya, daga Adum. Makonnin farko kan yatsunta suka yi ja, ko zare ta ja sai ta cije leɓe. Daga baya fatar ta yi tauri, zafin ya tafi.

Fadil ba ya barin ta taɓa tsirkiya sai ta buɗe hannu ta rufe sau ashirin, ta ja kowane yatsa baya a hankali. Sannan ya ɗauki sukundireba yana buga mata lokaci a kan tebur, tak... tak... tak... Kowane mako yana ƙara saurin bugun kaɗan, ba ya gaya mata.

"Auta! Auta ya sake miƙewa!" in ji Fadil.

"Ba ya jin magana, malam. Ni na haife shi?"

"Lallashinsa za ki yi. Ba a yi wa Auta tsawa."

"Wai yaushe zan kaɗa waƙa? Wata uku kullum Baba ya shiga, Yaya ya shiga!"

"Ranar da kika sauka tsirkiya shida kika hawo goro bai motsa ba."

"Mugu!"

"Na gode, ɗalibata."

Ran da allurar keke ta soke mata yatsan Yaya, ya hana ta darasi. Ya je da kansa ya sayo filasta da soyayyar ayaba mai yaji, suka zauna bakin shago suna ƙirga trotro masu rubutu a baya. Ran da ruwan sama ya tare ta, ya riƙe mata lema har tasha, shi ya jiƙe sharkaf.

Duk cikin shiri ne, take gaya wa kanta. Amma ba ta gaya wa Anti Safia cewa ta fara goge mayafin Talata tun ranar Lahadi ba.

A wata na bakwai, wata Asabar, ta sauka tsirkiya shida ta hawo, sukundireba na gudu, goro bai ko motsa ba. Fadil ya ajiye sukundireban.

"Ruwaida..."

"Na'am? Auta ne?"

"Auta lafiyarsa lau. Ni ne ba lafiya." Ya sunkuyar da kai. "Sanyin idona, wata bakwai ina nuna miki inda kowa zai zauna a gida, ni kuwa nawa gidan babu kowa. Ina so in turo manya. Gidan wa za su tambaya?"

Ga abin da take jira ya zo. Amma ba ta ji daɗin da ta zata ba.

"Moshi Zango. Gidan Mutaru mai goro."

Ta zuba ido ta ga fuskarsa ta ɓaci. Sai fuskar ta washe.

"Mutaru? Wanda ya yi gita a da? Allahu Akbar! Ruwaida, darasin nan nasa ne! Goron, da Baba, da Mma, da Auta, duk shi ya ƙirƙiro! Alhajinmu ya ce duk abin da ya iya a wurinsa ya koya, sai tsautsayi ya same shi a hannu."

"Tsautsayi," ta maimaita.

"Ina ɗan shekara bakwai Alhaji ya sa min goro a tafi. Shi tun da ya dawo daga Jamus ban taɓa jin ya kaɗa waƙa ba, darasin nan kawai yake yi shi kaɗai a ɗaki. Kai, zai yi murna!"

Ruwaida ta matse goron har ya yi mata zafi. A gidansu ba a ambaton gita. Ashe wata bakwai gadon ubanta take karɓa daga hannun ɗan wanda ya raba shi da shi! Kuma yaron nan bai san komai ba... ko kaɗan bai sani ba.

Ta isa gida hankalinta a rabe. Ta tuƙa tuwo, ta kwashe, ta wanke muciya. Kullum a ɗaki take darasinta, ƙofa a rufe. Ran nan sai ta zauna nan bakin murhu, ta ɗauki goro daga farantin mahaifinta, ta kwantar da muciya a cinya.

"Baba ya shiga... Yaya ya shiga... Mma..."

"Auta."

Muciya ta faɗi. Baba Mutaru na tsaye a bayanta da buta a hannu, idonsa a kan goron da ke gangarawa.

"Baba, sannu da..."

"Mutum ɗaya na koya wa wannan a duniya. Ɗaya! Ina kike zuwa Talata da Asabar?"

Ta so ta yi ƙarya, ta kasa. Ta faɗa masa komai, tun daga farce har zuwa a'a ukun da ta tanada. Ya ajiye buta, ya zauna a kan turmi kamar an zare masa ƙarfi.

"Kawo hannunki."

Ya shafa kan yatsunta da hannunsa mai lafiya, ɗaya bayan ɗaya.

"Wata nawa?"

"Bakwai."

"Safe da yamma?"

Ta kawar da kai.

"Mai son yaudarar saurayi kwalli take sawa, Ruwaida. Ba ta tashi da asuba ta wahalar da yatsunta a kan muciya."

"Don ya yarda da ni ne!"

"Kalle ni ki ce ba kya son sa."

"Baba, baƙin cikinsu ne ya kashe Mma! Ka manta? Ni ban manta ba! Kowane biki tana dawowa ta shige ɗaki ta toshe baki da zane don kada ka ji!"

"Ina ji," ya ce a hankali. "Duk ina ji." Sai ya ɗaga hannun hagunsa, yatsun nan biyu a lanƙwashe. "Kina tsammani ban so in rama ba? Sau biyar a rana nake wanke hannun nan, sau biyar nake ganin fuskar Latif. Amma hannuna aka karya, ba naki ba. In kin ce a'a, kunyar kwana nawa zai ji? Wata guda ya manta. Ke fa?"

"Ni ba ruwana da kaina."

"Ni da ruwana! Ke kaɗai gare ni. Tun kina rarrafe nake tsoron abin nan ya bi ki, ga shi ke kika bi shi da ƙafarki."

"Ko ka hana, sai na faɗa."

Ya daɗe yana kallon ta. Ya sunkuya ya ɗauki goron, ya goge shi a riga.

"Su zo," ya ce. "Ni ma akwai abin da na ajiye masa."

Ranar Lahadin da aka sa, da hantsi, tsakar gida ta cika. Liman da dattawa a kan tabarma, mata a gindin bango, Anti Safia ta ɗaura ɗankwalin da ba ta fitarwa sai sallah. Alhaji Latif ya zo cikin farar babbar riga, ya gaisa da kowa, amma ya kasa kallon hannun hagun mai gida. Aka ajiye huhun goro a tsakiya. Fadil bai kamata ya zo ba, sai dai ya kasa zama, ya laɓe a bakin ƙofa yana murmushi.

Aka yi addu'a, aka faɗi abin da ya kawo su. Baba Mutaru ya ce a kira Ruwaida. Ta fito ta durƙusa.

"Ruwaida, ga mutane sun zo da goro saboda ke. A karɓa?"

"A'a, Baba."

Wasu suka yi dariya, sun ɗauka jan aji ne irin na 'yan mata.

"Ina sake tambayarki. A karɓa?"

Ta ɗaga kai ta dubi Alhaji Latif ido cikin ido.

"A'a!"

Dariya ta ɗauke. Anti Safia ta ce, "Yawwa!" har kowa ya ji. A bakin ƙofa murmushin Fadil ya mutu. Ruwaida ta dunƙule hannu tana jiran ta uku.

Baba Mutaru bai yi tambayar ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani abu naɗe cikin zanen marigayiya matarsa. Ya warware. Tsohuwar gitarsa ce, tsirkiyoyin duk tsatsa. Ya ɗora ta a cinyar Alhaji Latif, ya buɗe huhun da suka kawo, ya zaro goro ɗaya ya sa masa a tafi.

"Latif. Yi min darasi."

"Haba Mutaru... a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka yi magana a kaina. Yi!"

Alhaji Latif ya kama wuyan gitar. Baba ya shiga. Yaya ya shiga. Goro ya faɗi ya gangara har gaban Liman.

"Ɗauka."

Ya ɗauka. Ya sake faɗuwa.

"Me na koya maka? In goro ya faɗi?"

"Hannu... hannu ya saki."

"Ashe kana tuna karatuna." Baba Mutaru ya ɗaga hannun hagunsa sama, kowa ya gani. "Wannan hannun ne ya koya maka. Yau ka zo neman 'yar mai hannun. To ga Liman zaune. Gaya masa kwalba nawa na sha ran nan."

Ido duk ya koma kan Alhaji Latif.

"Ko ɗaya," in ji Alhaji Latif can ƙasan maƙoshi.

"Ɗaga murya! Matan da suka zunɗi matata suna gindin bangon can, ban ji sun ji ba!"

"Ko ɗaya! Bai taɓa sha ba!" Hawaye suka zubo kan farar riga. "Na ga hannunsa a bakin ƙofa. Na gani... na tura. Ni nake son tafiyar. Da na ji tsoron a gane, sai na ƙara da ƙarya."

Gida ya ɗauki salati.

"Ranar Juma'a, bayan an idar da sallah, za ka tsaya ƙofar masallaci ka maimaita," in ji Baba Mutaru. "Yadda ka bi Zango da ƙarya, haka za ka bi ta da gaskiya."

"Zan yi."

Ruwaida ba ta san lokacin da Fadil ya shigo ba, sai ganinsa ta yi tsaye a kanta. Bai kalli ubansa ba. Ita yake kallo.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Tun ranar farce?"

"Tun kafin ranar."

"To darasin... da lemar... da duk abin da na gaya miki..." Ya girgiza kai. "Wata bakwai, Ruwaida! Ni me na yi miki?"

Bai jira amsa ba. Ya juya ya fita.

Abin da ta girma tana roƙo ya tabbata a gabanta. Ga Alhaji Latif a durƙushe, ga matan gindin bango kai a ƙasa. Amma ita ƙofar da Fadil ya bi kawai take kallo.

"Malam Mutaru," in ji Liman, "saura tambaya ɗaya."

"Na sani, Malam. Ba yau ba. Goron ya zauna."

Alhaji Latif ya cika alkawari ranar Juma'a. Mutanen da suka yi shekaru suna wuce teburin Baba Mutaru suka dinga tsayawa gaisuwa, wasu har da ba da haƙuri. Shi dai ya amsa, ya ci gaba da jera goronsa.

Ruwaida ta tura wa Fadil saƙo ta waya ya fi a ƙirga. Yana buɗewa, ba ya amsawa. Ta rame. Ta dinga ɗinka hannun riga a baibai tana farkewa. Amma safe da yamma tana kan muciya, yanzu ba ta rufe ƙofa.

Kowace safiya kuma Baba Mutaru sai ya buɗe huhun nan. Ya cire wanda ya fara lalacewa, ya canza ganyen da ya bushe, ya yayyafa ruwa, ya naɗe.

"Yaya, ka mayar musu da kayansu mana!" in ji Anti Safia. "Mun rama, an gama!"

"Ke kika gama. Ni 'yata ba ta cin abinci."

Mako shida aka yi haka. Wata Asabar da la'asar Ruwaida ta dawo daga Adum, tun daga waje ta ji wani sauti a gidansu, zzz... zzz... kamar ƙudan zuma a kwalba. Ta leƙa.

Baba Mutaru na zaune a kan benci da gitarsa, an sa mata sabbin tsirkiyoyi. Fadil na durƙushe gabansa da sukundireba.

"Baba ya shiga," in ji Fadil. "Yanzu Auta. A hankali, Baba, kada ka tilasta shi. Shekara ashirin da uku yana kwance."

"Kai, yaron nan ka cika sa ido. Ni fa na ƙirƙiro abin nan!"

"Na masu yatsa huɗu ka ƙirƙiro. Wannan nawa ne."

Baba Mutaru ya hango ta.

"Shigo mana, gidanku ne. Ni na je Oforikrom neman tsirkiya. Sau uku ina zuwa kafin ya yarda ya kalle ni." Ya dubi hannunsa. "Ya ce ko Mma da Yaya ba su tashi ba, Baba da Auta sun isa su riƙe gida. Na ce masa wannan na daɗe da sani."

Fadil bai ɗago ba.

"Kin bar darasi," ya ce, yana kallon ƙasa.

"Ban bari ba."

"Kowa haka yake cewa."

Ta ajiye jaka. Ta karɓi gitar daga hannun mahaifinta, ta ɗauki goron da ke kan benci. Fadil ya fara buga lokaci a ƙafar bencin, da sauri, saurin da bai taɓa ba ta ba. Mugunta ce, ta sani. Ta sauka tsirkiya shida ta hawo, hawaye na ɗiga a kan katako. Goro bai motsa ba.

Sukundireba ya tsaya.

"Wannan ma cikin shirin ne?"

"Shiri ya ƙare ranar Lahadin nan. Wannan nawa ne." Ta share ido da gefen mayafi. "Na zo shagonka don in ƙona ubanka, gaskiya ne. Ban yi nadamar abin da ya same shi ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma kai... kai na cuce ka, Fadil. Ka yafe min. Ko ba za ka dawo ba, ka yafe min."

"Kin san abin da ya fi ba ni haushi?" Sai yanzu ya ɗago, idonsa ja. "Kowace Talata sai na share kujerarki."

"Safia!" Baba Mutaru ya ƙwala kira. "Bar ƙosan nan ki zo ki yi shaida! Liman ni zan gaya masa da magariba."

Anti Safia ta shigo da matsami a hannu. Ta ga Fadil, ta taɓe baki.

"Ni dai ba zan gaida Latif ba, ko a gidan biki!"

"Ba wanda ya sa ki. Ni ma ban gama da shi ba tukuna. Amma wannan yaron bai tura ƙofar kowa ba."

Ya jawo huhun, ya warware ganye, ya zaro goro ɗaya. Ya sa farce ya ɓare shi, ƙas! Ɗanye shar, kamar jiya aka kawo.

"Ruwaida, na tambaye ki sau biyu, kin amsa don uwarki, kin amsa don ni. Ta ukun taki ce. A karɓa?"

Ta dubi Fadil.

"Ki amsa mana, rabin raina," ya ce. "Gwiwata ta gaji."

Dariya da kuka suka haɗe mata.

"A karɓa, Baba."

Baba Mutaru ya saki ajiyar zuciya mai tsawo. Ya miƙa wa kowannensu ɓari guda.

"Baba, ni fa ba na cin goro..."

"Mako shida ina yi masa wanka. Ci!"

Ta ci. Da ɗaci ya fara, ta yamutsa fuska, Fadil na mata dariya. Sai da ta kurɓi ruwa zaƙin ya taso.